Kalmomin da Suka Rage wa Babana

Ranar da jijiya ta tsinke a kan babana
muna shanyar kifi a bayan gida, a Itoman.
Likita ya ce magana ta tafi,
kamar kwalekwalen da igiyarsa ta kwance cikin dare.
Sunana ya tafi. Sunan uwata ya tafi.
Ruwa, gishiri, ƙofa, duk sun bi teku.

Shekara arba'in da ɗaya yana koyar da karate
a ɗakin katakon da ya kafa da hannunsa,
rufin kwano, taga biyu, daɓe mai kuka.
Muka dawo da shi a keken asibiti,
hannun dama a cinya kamar kifin da ya kwana.

Kwana goma sha tara bai ce uffan ba.
Ran na ashirin ina ba shi miya a cokali,
ya kau da kai, ya ce: Yame.
Cokalin ya suɓuce mini.
Yame, tsawar da yake daka wa yara
in sun ƙi rabuwa a tsakar fili: ku tsaya, ya isa.
Ashe miyar ce ta yi gishiri.

Daga nan muka zauna da ɗan abin da ruwa ya bari.
Hajime da asuba, wato a fara, a buɗe taga.
Mokuso in yana son a kashe fitila,
a rufe ido, kowa ya yi shiru.
In zai tashi sai mu ƙirga tare,
ichi, ni, san,
a na ukun nake cicciɓar sa,
mutumin da ya saba ɗora ni a wuya
mu je kallon tseren jirage.

Ni ban taɓa ɗaura obi a ƙuguna ba.
Ina 'yar shekara tara na gudu,
ranar da ya sa ni naushin makiwara,
gungumen nan mai rawanin igiya,
har fatar yatsuna ta saɓule.
Na rantse ba ni ba ɗakin nan.
Shi ma bai lallashe ni ba.
Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe:
taurin kan nan a gida na gaje shi.

Tsohon ɗalibinsa, Seiei Nakandakari, mai gyaran injin jirgi,
yakan zo ran Laraba da lemo a leda.
Shi ya ce mini uke ba tarewa ba ce
yadda baƙi ke ɗauka.
Karɓa ce.
Naushi ya zo, ka karɓe shi
kamar baƙon da ba ka gayyata ba,
ka nuna masa wurin zama, can gefe.
Sensei kuwa, in ji shi, ba wani sarki ba ne,
wanda ya riga ka zuwa duniya ne kawai.
Na daɗe ina juya wannan a bakin murhu
har tofu ya ƙone.

Daren da guguwa ta yaye rabin kwanon ɗakin
wuta ta ɗauke, muna zaune da kyandir ɗaya.
Ya lalubo hannuna da hagunsa,
ya shafa tabon nan na kan yatsu,
ya buɗe tafina, ya leƙa, babu komai ciki.
Kara, in ji shi. Te.
Wofi. Hannu.
Sai ya sunkuyar da kai, a hankali,
iya inda wuyan ya yarda.
Rei.

Shekara arba'in ina jiran wata kalma dabam.
Wannan ce ta zo. Na karɓa.

Gari ya waye, kwano ya watse cikin gonar raken maƙwabci.
Ya dubi rufin, ya dube ni.
Ban jira ya faɗa ba,
na je neman guduma.